Tambaya da Amsa: Bangon da Ba a Yi wa Yaɓe Ba

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun taru a kan magana guda, wato gine-ginen zamani da ake barin tubalinsu ko kankarensu a fili, ba yaɓe ba fenti. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na samu fili a Banifandu, ina kuma shirin gina gidan da zan zauna da iyalina. Ɗana wanda ya karanta zanen gine-gine ya kawo mini taswirar gida mai bangon jan tubali da ginshiƙan kankare, ya ce haka za a bar su, ba za a yaɓe ba, ba za a shafa fenti ba. Mahaifiyarsa ta ce maƙwabta za su ɗauka kuɗi ne suka ƙare mana. Shin da gaske ana yin irin wannan gini da gangan, kuma yana da ƙarko? Daga wani Alhaji, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya sa a fara a sa'a. Da gaske ne ana yin sa da gangan, kuma ba yau aka fara ba. Sai dai kafin in goyi bayan ɗanka, bari in fara ba Hajiya gaskiyarta, domin tsoron da take ji yana da tushe. Mu a ƙasar Hausa gininmu na gado ginin yaɓe ne. Tubalin da aka shanya a rana ba ya jure ruwan damina, dole a lulluɓe shi da yaɓe, a bi shi da makuba, a kuma sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Adonmu ma a jikin yaɓen muke yin sa, kamar yadda kowa ke gani a fuskokin gidajen Birni a Damagaram. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 har ya samu lambar yabon gine-gine ta Aga Khan a 1986, duk kyansa a cikin yaɓe yake. Sannan idan mutum ya zaga sababbin unguwannin bayan garin Yamai, bangon da zai gani tsirara shi ne na bulon siminti da rodi ya leƙo ta samansa, wanda kowa ya san mai shi jiran kuɗi yake yi. Idon da ya saba da waɗannan abubuwa biyu ba zai ga bango ba yaɓe ya ce ado ne ba.

Salon da ɗanka yake nufi ya yi ƙarfi ne a Turai bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ake buƙatar gidaje da yawa cikin gaggawa, ƙarfe kuma ya yi tsada. Mai zanen gine-gine Le Corbusier ya kammala wani katafaren bene mai gidaje 337 a birnin Marsai na Faransa a 1952, ya bar kankaren yadda ya fito daga katakon zubi, har sawun katakon yana nan a jikinsa. Ƴan shekaru bayan haka ya gina wasu gidaje biyu a gefen Paris inda ya haɗa bangon tubali da ɗamarar kankare, kowanne yana bayyane, mai kallo yana iya gane abin da ya ɗauki nauyin rufi da abin da ya tare iska. Wannan haɗin shi ne kakan taswirar da ke hannunka. Daga nan salon ya tsallaka ƙasashe masu zafi. Ba'amurke Louis Kahn ya gina makarantar koyon harkokin gudanarwa ta Ahmedabad a Indiya da jan tubali, ya kuma zana majalisar dokokin Bangaladash a Dhaka, wadda aka kammala a 1982 bayan rasuwarsa. A ginin Dhaka akwai wata dabara da nake so maginanmu su lura da ita: da yake ba a iya zuba dogon bango a tashi ɗaya, duk inda zubi ya tsaya aka ɗora wani yakan bar tabo, sai aka sa siririn farin dutse a kowace mahaɗa, abin da zai zama aibi ya koma ado.

Ba sai mun je nesa ba ma. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa da aka gauraya da ɗan siminti, bangon a bayyane, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022. A nan gida, ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa da matsattsen tubalin jar ƙasa, wato wanda ake matsewa a inji ba a ƙona shi, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Kasuwar garin ma, wadda Mariam ta zana, rumfunanta na wannan tubali ne. Idan da hali, Alhaji, ka ɗauki Hajiya ku je ku gani da idonku, domin hoto a waya ba ya nuna yadda hasken yamma ke kwanciya a kan irin wannan bango.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yaɓe mai rufin asiri ne. Bulon da ya karkace, kwaɓin da ya yi kauri a nan ya yi siriri a can, gefen da ya gutsure, ramin da mai wuta ya fasa don ya binne bututu, duk yaɓe yana haɗiye su. Ranar da aka ce ba yaɓe, to babu abin da zai ɓoye kuskuren kowa. Saboda haka kuɗin da kake tsammanin za ka rage na yaɓe da fenti, kaso mai yawa daga ciki zai koma wurin tubali mai kyau da ladan magini mai haƙuri, wanda zai ja igiya a kowane sahu, ya goge kwaɓin da ya ɗiga tun bai bushe ba. Ribar tana zuwa ne daga baya, a shekarun da maƙwabta ke sake fenti kai kuwa ba ka sayi ko gwangwani ɗaya ba. Wanda ya gina da bulon siminti na kasuwa, kuɗi suka yanke masa, sannan ya ce ya bi salon zamani, yaudarar kansa yake yi, domin wannan bulo an yi shi ne don a yaɓe, yana shan ruwa, kuma fuskarsa ba ta kallo ba ce. Tun ran gini tun ran zane: wurin kowace wayar lantarki da kowane bututun ruwa dole a san shi a takarda kafin a aza tubalin farko.

Shawarata ita ce ka yarda da taswirar ɗanka bisa sharaɗi guda. A sa maginin da za a ba aikin ya fara tayar da ɗan guntun bango a gefen filin, da irin tubalin da kwaɓin da za a yi amfani da su, har da guntun ginshiƙi. Ku duba shi tare da Hajiya. Idan bai gamsar da ku ba, magini za a canja, ba taswira ba.

TAMBAYA: Ni magini ne, na gaji sana'ar daga mahaifina. Wani ya ba ni aikin shago a nan Tawa, ya ce yana son ginshiƙai da linta su fito sumul ba tare da an bi su da yaɓe ba. Duk zubin da na taɓa yi, idan aka cire katako sai in ga ramuka da tsakuwa a waje, mu bi da siminti mu toshe. Yaya ake yi ya fito da kyau? Daga wani magini, Tawa.

AMSA: Sannu da aiki, maigida. Wannan tambaya ta mai sana'a ce, kuma amsarta ta fi ƙarfi a hannun kafinta fiye da hannun mai kwaɓi. Kankare ba shi da fuskar kansa, fuskar katakon da aka zuba shi ciki yake ɗauka. Tsohon katako mai ƙusoshi da busasshen siminti a jiki zai ba ka fuska mai ƙuraje. Ka nemi sabon falanki mai sulɓi, a haɗa shi tsaf yadda ko haske ba ya ratsa tsakani, domin ta waɗannan ƴan kafofi ne ruwan siminti ke tsiyayewa ya bar tsakuwa ita kaɗai, kuma shi ne rabin dalilin ramukan da kake gani. A shafa wa katakon man da aka yi domin wannan aiki, shafawa kaɗan. Baƙin man mota da wasu ke amfani da shi yana hana katako mannewa, amma yana barin tabon da ba ya fita.

Ɗaya rabin dalilin shi ne iskar da ke maƙalewa cikin kwaɓi. Zungura da guntun rodi da bubbuga katako da guduma suna taimakawa, amma ga aikin da za a bari a fili, ka yi hayar injin girgiza kankare, ka riƙa zubawa kaɗan kaɗan kana girgizawa, kada ka juye kwaɓi daga saman ginshiƙi mai tsawon mita uku a tashi guda, domin tsakuwa za ta riga siminti isa ƙasa.

Sai maganar ruwa, wadda a nan ne leburori ke cutar da aiki ba tare da sun sani ba. Kwaɓi mai ruwa ruwa ya fi daɗin shebur, amma duk ruwan da ya wuce buƙatar siminti, idan ya bushe ƙananan kafofi yake bari, ƙarfin kankaren ya ragu. Abin da aka saba ƙiyastawa ga ginshiƙi da linta shi ne kilo 350 na siminti a kowace mita kubik ta kankare (tsawo da faɗi da zurfi mita ɗaya ɗaya), wato buhu 7 masu kilo 50, ruwa kuwa kusan lita 25 ga kowane buhu, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. Yashin ya zama wankakke, ba mai laka ba. Kuma ka sayi simintin aikin gaba ɗaya daga masana'anta guda, ko na Malbaza ne ko waninsa, yashi da tsakuwa ma daga rami guda, saboda launin siminti ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, idan ka gauraya ginshiƙi ɗaya zai fito fari, na kusa da shi toka toka.

Abu mafi hatsari shi ne rodin da ya matso kusa da fuska. Yaɓe yakan ƙara wa rodi kariya, to a nan babu shi. Ka ɗaura ƴan ƙananan duwatsun siminti a jikin rodin domin a samu tazarar aƙalla santimita 3 tsakaninsa da katako. Idan tazarar ta gaza, iska da danshi za su isa ga ƙarfen bayan wasu shekaru, ya yi tsatsa, tsatsar kuma ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Gine-gine da yawa na wannan salo a Turai wannan cutar ce ta ɓata musu suna.

Daga ƙarshe, mutane da yawa suna zaton kankare bushewa yake yi ya yi ƙarfi, alhali haɗuwar siminti da ruwa ce ke ba shi ƙarfi, kuma tana ɗaukar kusan kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya lissafa. A rana irin ta Tawa, balle lokacin hunturu da busasshiyar iska ke kaɗawa, ruwan yana gudu kafin ya gama aikinsa, fuskar ta tsattsage. Ka yi zubi da sassafe ko da yamma, ka lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna ko leda, a ci gaba da ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Inda kuma aka samu ɗan rami duk da haka, ka nuna wa mai aikin kafin ka taɓa, domin faci a fuskar kankare sau da yawa ya fi ramin muni.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce. Gidan da muke haya rufinsa na kankare ne, kuma a watan Afrilu da Mayu ba ma iya kwana a ɗaki ko da fanka. Muna tara kuɗin gina namu. Tsakanin tubali da kankare wanne ya fi sanyi? Daga wata Malama, Tawa.

AMSA: Malama, Allah ya cika buri. Tubalin ƙasa ya fi, amma ba shi kaɗai zai raba ki da kwanan tsakar gida ba. Kankare yana wucewa da zafi kusan ninki biyu na yadda matsattsen tubalin ƙasa ke yi, kuma yana da nauyin da zai adana zafin. Rufin gidan da kuke haya yana wuni yana shan ranar da ta haura digiri 40, idan dare ya yi sai ya sako muku ita a ka. Fanka ba ta da laifi, iskar da ta samu take juyawa.

Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta zafi na sa'o'i da dama, ta yadda zafin azahar ba ya isa cikin ɗaki sai dare ya raba, lokacin da za a iya buɗe tagogi iska ta kwashe shi. Wannan yana aiki sosai a watannin da dare ke yin sanyi. A tsakiyar bazara kuwa, da daren kansa ke kwana da zafi, amfaninsa yana raguwa, kuma dole in faɗi wata gaskiya da masu son wannan salo ba su cika faɗa ba: jan bango ko mai launin toka ya fi farin bango shan rana. Saboda haka bangon da za a bari tsirara ya fi kowane bango buƙatar inuwa.

Inuwar ta fi muhimmanci a sama. A makarantar Gando an ɗaga rufin kwano sama da silin na tubali, aka bar sarari tsakaninsu iska na ratsawa, kwanon kuma ya zarce bango sosai yana yi masa laima. Ko rufin kankare ne, idan aka ɗora masa irin wannan rumfa, ɗakin yana canjawa. Sai ki kula da bangon yamma, wanda ke karɓar rana mafi zafi: a sa baranda ko bishiya a gabansa, ko a mayar da ɗakin ajiya da makewayi can, ɗakunan kwana su samu kariya. A ganina kankare a ƙasarmu ya tsaya a matsayin ƙashin gini, wato harsashi da ginshiƙai da linta da ɗamara, a bar wa tubali bango. Gidan da bangonsa gaba ɗaya kankare ne, kamar yadda ake gani a hotunan ƙasashe masu sanyi, a nan zai ɗaure mai shi da na'urar sanyaya ɗaki da kuɗin wuta har abada.

TAMBAYA: Bangon jan tubalin ofishinmu ya fito da wani fari fari kamar gishiri bayan damina. Wani ya ce mu shafa masa fenti mai ƙyalli marar launi. Ya dace? Daga wani ma'aikaci, Yamai.

AMSA: Gishiri ne kuwa, ɗan'uwa. Ruwa ne ya shiga bangon, ya narkar da gishirin da ke cikin tubali ko kwaɓi, ya fito da shi waje ya bushe ya bar shi. A goge da busasshen buroshi mai ƙarfi, kada a fara da ruwa domin zai mayar da gishirin ciki. Kada a shafa wannan fenti, domin yana kulle danshi a cikin bango, bayan ɗan lokaci ya ɗaɗɗaye ya tafi da fuskar tubalin. Ku nemi inda ruwan ke shiga. Yawanci indararo ne ke zuba a jikin bango, ko saman katanga da ba a yi wa hula ba, ko fulawar da aka dasa a gindin gini ana ba ta ruwa kullum. A sabon gini abin yakan ragu da kansa bayan damina ɗaya ko biyu.

TAMBAYA: Na ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gidajen ƙasa a unguwannin bakin kogi. Yaya za a ce in gina da tubalin ƙasa, kuma ba yaɓe? Ba gara gasasshen tubali ba? Daga wani ɗalibin jami'a, Harobanda, Yamai.

AMSA: Tambayarka tana kan hanya, ɗana, sai dai tubali uku ne ake kira da suna ɗaya, kuma halinsu da ruwa ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne wanda aka kwaɓa aka shanya a rana, shi ne ya narke a Saga da Lamorde lokacin da kogin Kwara ya ɓalle a waccan shekara, kuma shi ba a barinsa ba yaɓe. Na biyu shi ne gasasshe, wanda ake ƙonawa a zafin da ya kai wajen digiri 1,000 har ƙasar ta sauya hali, ba ta sake komawa laka. Shi ya fi duka jure ruwa, shi Kahn ya yi aiki da shi a Indiya. Matsalarsa a wurinmu makamashi ce: ƙasar da ke fama da itacen girki ba za ta gasa tubalin birni guda da itace ba, wanda bai gasu sosai ba kuma ba shi da ƙarkon da ake nema.

Na uku shi ne matsattse. Ana tankaɗe jar ƙasa, a gauraya ta da siminti kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a ɗan jiƙa, a matse a cikin inji, sannan a jera a lulluɓe da leda na wasu makonni siminti ya kama. Ba a ƙona shi. Injin hannu na wannan aiki an ƙirƙiro shi ne a Kolombiya tun shekarun 1950, kuma girman tubalin da aka fi yi shi ne santimita 29.5 a tsawo, 14 a faɗi, 9 a kauri. Da irinsa aka gina gidajen da ake kira Niamey 2000 a nan Yamai, waɗanda aka kammala a 2016, masu hawa biyu, domin a nuna cewa ƙasa ba kayan ginin ƙauye kaɗai ba ce. Siminti kaɗan yake ci idan aka kwatanta da kankare, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa ana ƙona duwatsun siminti a zafin digiri 1,450, kuma masana'antarsa ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya.

Matsattsen tubalin da aka yi da kyau yana jure ruwan sama mai dukan bango. Abin da ba ya jurewa shi ne ya kwana cikin ruwa. Don haka ake aza shi a kan harsashin dutse ko kankare da ya ɗago sama da ƙasa da kyau, a shimfiɗa abin hana danshi hawa tsakaninsu, rufi ya zarce bango, indararo ya jefa ruwa nesa. Bangon gabas, inda hadarinmu ya fi bugowa, babu aibi idan aka yi masa yaɓe shi kaɗai aka bar sauran. Kafin ka sayi tubalin kowa, ka tsoma guda biyu ko uku cikin bokitin ruwa su kwana, ka ga ko gefensu ya zube, idan aikin babba ne kuma a kai samfuri ɗakin gwajin kayan gini a auna ƙarfinsa. Amma idan filinka yana cikin kwarin da kogi ke mamayewa, to matsalar ta fi ƙarfin zaɓen tubali: ko dai a cike wurin a ɗaga daɓen gidan sama da alamar da ruwan 2020 ya bari a bangon maƙwabta, ko a nemi fili a tudu.